Ɗaukar hoton furen daji ba tare da launi ya sauya ba

Kyamarar waya ba ido ba ce. Furen tumfafiya fari ne da ruwan shunayya, amma waya kan maida shunayyar shuɗi. In ɗan uwa na ƙasar waje zai gane tsiron magani da hoton, kuskure ba wasa ba ne.

Shawararmu: a ɗauka da safe ko a inuwa, don ranar tsaka tana kashe launi. A kashe filashi, a matso kusa, a ajiye farar takarda gefen furen: in ta fito fara, launin ya yi daidai. A haɗa da ganyen.

WhatsApp na matse hoto. A tura shi ta wurin Document, sai ya isa yadda yake.