Magagari da Naitiro: Tarihin Masu Taɓa Injin Jirgin Rimot

Injin jirgin tsere na ajin cc 3.5 ana iya dunƙule shi a tafin hannu. Faɗin fistan ɗinsa milimita 16 ne da 'yan kai. Amma in ya samu man da yake so da salansar da ta dace da shi, sai ya juya fiye da sau 30,000 a minti ɗaya, kukansa kuwa har ƙetaren tafki. Yayyensa masu cc 7.5 da 11 da 15 su ne suka kai ƙananan jiragen ruwa na rimot gudun da ya haura mil 100 a awa, wato kilomita 160, a miƙaƙƙen layi. Da wuya ka samu injin da ya yi irin wannan gudu yadda ya fito daga kwalinsa. Sai hannu ya taɓa shi.

Magabatanmu a harkar ba su san rimot ba. A Landan, a tafkin Victoria Park, akwai kulob ɗin masu ƙananan jirage tun 1904, kuma a 1924 aka kafa ƙungiyar MPBA ta Birtaniya. Tserensu na igiya ne: a kafa turke a tsakiyar ruwa, a ɗaure jirgi, ya yi ta kewayawa ana duba agogo, mai shi yana tsaye cikin ruwa da dogayen takalman roba. Waɗannan mutane ba gyara suke yi ba, ƙira suke yi tun daga ɗanyen ƙarfe, da yawansu bisa zanen da Edgar Westbury yake bugawa a mujallar Model Engineer. Injin fetur ne mai kwayil da kwandansa da batir, kayan da suka tsani ruwa, ga kuma nauyi.

Sana'armu ta fara ne da wata 'yar waya. A 1947 Ray Arden ya fito da fulogi mai garwashi a Amurka. A cikinsa akwai naɗaɗɗiyar waya mai filatinam. Za ka ɗora mata batir ta yi ja, ka tayar da inji, ka cire batirin, ita kuwa ta ci gaba da ci, domin tururin metanol na cikin man in ya taɓa filatinam yana ƙara masa zafi. Kwayil da kwandansa suka tafi hutu. Sai dai sun tafi da wani abu: da can kana iya saita lokacin da tartsatsi zai tashi, yanzu babu abin murɗawa. Lokacin da wuta za ta kama ya koma hannun abubuwa huɗu, wato yawan matsin da ke kan silinda, da zafin fulogin, da yawan naitiro a cikin mai, da allurar kafireta. Taɓa ɗaya, sauran ukun su motsa. Duk abin da muke yi a kan tebur tun daga ranar, saita wutar da ba ta da makunni ne.

Shi naitirometen, wanda kowa ke yanke wa suna ya ce naitiro, ba wai ya fi fetur ƙarfi ba ne awo da awo. Fetur ya fi shi nesa. Sirrinsa shi ne yana tafe da iskar ƙonewarsa a jikinsa. Fetur yana bukatar iska ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone sarai, metanol kimanin 6.4, naitiro kuwa 1.7 kacal. Ke nan a ɗan ɗakin da iska kaɗan take shiga, kana iya ɗura naitiro da yawa ya ƙone. Ragowar haɗin metanol ne da man shafawa, domin injin irin na ƙaramin janareton nan ne da ake gauraya wa fetur da baƙin mai: ba shi da bawul, fistan ne yake buɗe ramuka yana rufewa, kuma a cikin man sha yake samun na shafawa. Tsofaffi man zurma suke sawa, har yau kuma akwai masu ɗiga shi a kan man zamani, saboda in inji ya yi zafi fiye da kima shi ba ya guduwa ya bar ƙarfe tsirara.

Da rediyo ya yi arha aka kwance igiya, harkar ta rabu gida biyu. A Amurka, inda ƙungiyar IMPBA ta kafu a 1949, NAMBA kuma ta biyo baya, tsere gajere ne: kewaye shida a fili mai siffar ƙwai, mil ɗaya cif, a gama cikin minti biyu ko ƙasa da haka. Can ana zuba naitiro kashi 50 zuwa 65 cikin ɗari, fulogi ya ƙone a tsere ɗaya ba wanda zai yi ƙorafi. A Turai, ƙarƙashin ƙungiyar NAVIGA da aka kafa a 1959, ajin da ya fi jan jama'a shi ne FSR-V, inda jirage ke bin tafarki mai siffar harafin M na minti 20 ko 30, a ƙirga wanda ya fi yawan kewaye. Injin da zai yi rabin awa a cikin ruwan da jirage goma suka dama ba a gyara shi kamar na minti biyu. Shi ya sa in Ba'amurke da Bature suka zauna gardamar gyaran inji, sau da yawa kowannensu yana da gaskiya.

Gaskiyar da ba mu cika son faɗa ba ita ce mu masu aro ne. Manyan dabarun duk daga wasu gidaje suka zo. Tsarin ramukan da ke tura sabon mai ya hau bango ya kewayo ya kori hayaƙi, na Bajamushe Adolf Schnürle ne tun shekarun 1920, kamfanin DKW ya yi babura da shi, mu kuwa sai shekarun 1960 zuwa 1970 ya zama ruwan dare a wurinmu. Salansa mai ciki ita ma daga babur ta zo. Walter Kaaden ne ya gwanance a kanta a kamfanin MZ na Jamus ta Gabas. A 1961 matuƙinsa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma, ya koma Suzuki, shekara na zagayowa ya ci kambin duniya na cc 50. A 1966 kuma Bill Wisniewski ya ɗaura irinta a ƙaramin injin jirgin sama mai igiya, ya ci gasar gudu ta duniya a Ingila. Daga nan masu jirgin ruwa suka ɗauka.

Wannan salansa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta mayar da kowa ɗan lissafi. Bututu ne siriri a baki, ya buɗe a hankali, ya yi tumbi, sannan ya tsuke. In fistan ya buɗe ramin hayaƙi, bugun iska yana fita a guje. Inda bututun ke buɗewa yana zuƙo hayaƙi, har ya jawo sabon mai ya biyo shi waje. Inda yake tsukewa kuwa bugun yana cin karo ya dawo, ya tura man nan cikin silinda daidai lokacin da ramin ke shirin rufewa. Inji ya sha fiye da cikinsa. Amma bugun yana da gudunsa, bututun yana da tsawonsa, don haka abin ba ya aiki sai a wani ƙayyadadden juyi. Gajarta bututu, ƙarfin ya koma sama. Tsawaita shi, ya sauko. A bakin ruwa kunne ne yake gaya maka: jirgi yana tafe yana gurnani, sai muryar ta tsinke ta koma sama, ya ɗaga jiki ya bar ruwa. Sai ka ji an ce, ya hau bututu. In farfela ta yi masa girma, ba zai hau ba ko da za ku kwana.

Salansar nan ita ta sa muka ɗauki magagari. Tana son ramin hayaƙi ya buɗe da wuri, ya daɗe a buɗe, ya riga ramukan mai da tazara mai kyau. Injin da ba shi da ita yakan bar ramin a buɗe wajen digiri 150 cikin 360 na juyi ɗaya. Mai ita yana neman 180 ko sama. Injinan shekarun 1970, na K&B daga Kalifoniya, da OPS da Rossi daga Italiya, da O.S. daga Osaka, da yawansu jinin jirgin sama ne aka sa wa kai mai ruwa da faifan tayarwa. Ramukansu da kaushi, lokutansu na tsaka-tsaki, biyu daga kwali ɗaya ma ba sa zama daidai. Akwai doki a ciki, sai dai a tono shi.

Ni a hannun tsofaffin da suka ga wannan zamani na koya, kuma teburinsu bai sauya ba. Ana ɗaura faifan digiri a kan kiranshaf, a lanƙwasa waya ta zama manuni, a nemo inda fistan ya ƙure sama. Sai a haska tocila ta ramin hayaƙi, a juya a hankali har siririn haske ya ɓullo a kan fistan, a rubuta lambar. A injin cc 3.5, kashi ɗaya cikin goma na milimita da ka kankare daga saman ramin yana ƙara kusan digiri ɗaya da rabi. Bugu biyu na magagari ke nan. Tazarar da ke tsakanin fistan da kan inji kuwa da dalma ake auna ta: a zura siririyar dalmar soda ta ramin fulogi har ta taɓa bango, a juya inji ya latse ta, a zaro a auna kaurinta. Ana neman kashi biyu zuwa uku cikin goma na milimita. Girman kwarmin kan kuma sirinji ne yake faɗa, ɗigo bayan ɗigo. A gefen teburin akwai littafin Gordon Jennings na 1973 kan injin babur, ya sha yatsun mai har ya yi baƙi. Abin da suke nanata wa sabon shiga ɗaya ne: ƙarfen da ka cire ba ya komawa. Kowane kulob yana da gwangwanin hannun silindar da aka ci da yawa.

Abin da za mu iya cewa namu ne, ruwa ne ya koya mana. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Super Tigre na Bologna ya yaɗa fistan na alminiyam marar ringi a cikin hannun silinda na tagulla mai rufin kurom. Hannun yana ɗan tsukewa a sama, yadda in inji yana sanyi za ka ji fistan yana cijewa, in ya yi zafi tagulla ta buɗe su daidaita. Masu jirgin sama iska ce take sanyaya musu. Mu kuwa muna ɗibar ruwan tafki ta ɗan rami a jikin matuƙin baya, ya bi roba ya kewaya kan inji. Sabon shiga yana ganin yawan ruwa alheri ne. Ba haka ba ne. In kan ya yi sanyi da yawa, hannun ba zai buɗe ba, fistan ya yi ta gogawa, sandarsa ta wahala, wutar ma ta yi rauni. Don haka muke tsuke robar har ruwan da ke fita ya yi zafi a yatsa. Ga kifewa: jirgi ya juya, inji ya shaƙi ruwa yana tsaka da gudu, ruwa kuma ba ya matsuwa, sai sanda ta lanƙwashe. In ya tsira, a cire fulogi, a kifa jirgin, a juya inji ya tofar, a tayar da shi nan take kafin boris ya fara tsatsa.

An yi camfi da yawa a zamanin. An goge cikin ramuka sun yi ƙyalli, alhali sifar ramin da inda ya dosa ne suke aiki, ba sheƙinsa ba. An sayar da injinan da aka zana wa sunan gwani a jiki da ninkin kuɗinsu; wasu sun cancanta, wasu kuwa farfelar gwanin ce take cin tsere. A ganina rabin dokin da ake jingina wa magagari a wuƙar farfela yake, irin ta kamfanin Octura da ake siraɗawa a daidaita da hannu. Ita ma da nata sharri, domin tagullarta tana da beriliyam, ƙurarsa guba ce ga huhu, shi ya sa masu hankali suke gogawa a jiƙe. Da K&B ya fito da injin rataye na cc 3.5 a tsakiyar shekarun 1970, aka buɗe ajin da aka hana taɓa inji, sai ga alƙalai suna kwance injin wanda ya ci suna neman sawun magagari.

Kamfanoni ba barci suke yi ba. Abin da gwani ya ɓoye bana, baɗi za ka gan shi a kanti. Picco da CMB da Novarossi, wanda Cesare Rossi ya kafa a 1984 kusa da Brescia, sun zo da injinan da kwamfuta ta yanka, ramuka sumul, lokuta kusa da inda muke kai su da hannu. Kasuwar motocin rimot, da ta ninka tamu, ita ta biya kuɗin binciken cc 3.5, mu muka ci albarkaci. Aikin mai gyara ya ragu zuwa 'yan digiri da daidaita kai da bututu da farfela. Sannan jama'a suka fara watsewa: wasu zuwa injin fetur na Zenoah mai cc 26, wanda mansa ke kowane gidan mai, wasu zuwa lantarki da batirin litiyam, da ba ya kuka balle maƙwabtan tafki su kai ƙara.

Shi kansa naitiro bai taɓa zama kaya mai sauƙi ba. A 1958 tankokin jirgin ƙasa biyu da ke ɗauke da shi suka fashe a Amurka, ɗaya a Niagara Falls, ɗaya a Mount Pulaski, daga nan aka koma jigilarsa a durom. A 1991 masana'antar da ke yin sa a Sterlington ta jihar Louisiana ta yi bindiga, mutum takwas suka mutu, mai ya yi wuya. Saboda ana iya haɗa bam da shi, Tarayyar Turai ta fara taƙaita wa gama-garin mutane shi a kashi 30 cikin ɗari na nauyi, sannan daga Fabrairun 2021 ta sauke zuwa 16, wanda a mudu bai wuce kashi 12 ba.

Injin da aka yanka wa kai don naitiro mai yawa, in ka ba shi wannan sassauƙan mai, wutarsa takan makara. Ba ya hawa bututu da wuri, yana mutuwa a kwana. Maganin kuwa ba a kanti yake ba: a zare siraran gaskit ɗin da ke ƙarƙashin kai, a rage kwarmin don matsi ya ƙaru, a sa fulogi mai zafi, a tsuke allura tunda man da ake bukata ya ragu, a sake neman tsawon bututu da girman farfela tun daga farko. A kulob ɗinmu injin sassaƙar ƙarfe da ya daɗe a rufe da tsumma ya koma aiki, samarin da suka saba sayen inji su ɗaura kawai suna layi da kawunan injinansu a hannu, suna tambayar nawa za a cire.