Gidan Korau: fadar da aka tayar da ƙasa

1/ In na taso daga Jibiya zuwa makaranta a Katsina, nakan bi ta Ƙofar Soro. Nan Gidan Korau yake, fadar da ta ci sunan Sarki Muhammadu Korau.

2/ Asalinta ginin ƙasa ne, kamar Gidan Rumfa na Kano da Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya gina. A mulmula tubali, a shanya, a jera, a rufe da azarar giginya don gara ba ta cin ta, a shafe da makubar ɗorawa saboda ruwa.

3/ Bara muka rushe soron kakana, don an rasa mai gyara shi. Jama'a, a unguwarku magina nawa suka rage da suka iya ɗaurin guga?