Maganin tsira allura na ƙasar Sin da raguwar ƙwan haihuwa: abin da bincike ya nuna

Akufanca, wato maganin tsira allura, hanya ce ta jinya daga likitancin gargajiyar ƙasar Sin, inda ake soka allurai sirara kamar gashi a wasu keɓaɓɓun gurabe na jiki. Bayaninta ya zo a littafin Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000. Masu wannan ilimi sun ce akwai wani ƙarfi mai suna "ci" da ke gudana ta wasu hanyoyi a cikin jiki, kuma cuta kan taso ne idan gudanarsa ta toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunaye da matsayin gurabe 361, amma ilimin tiyata bai gano waɗannan hanyoyi a jikin ɗan Adam ba.

A yau ana tallata akufanca ga matan da likita ya shaida wa cewa ƙwansu ya ragu. Ana haihuwar 'ya mace da dukkan ƙwan da za ta mallaka a rayuwarta, tsakanin miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kimanin 300,000 ko 400,000, kuma kusan 400 ne kacal za su nuna su fito a tsawon shekarun haihuwarta. Sauran suna lalacewa a hankali, da ciki ko ba ciki. Raguwar kan yi sauri bayan shekara 35, inganci ma ya bi sahu. Tiyata a ma'ajiyar ƙwai, maganin kansa da shan taba kan gaggauta ta. Likitoci kan auna abin da ya rage ta gwajin jini na AMH da FSH, da kuma ƙirga ƙananan jakunkunan ƙwai a hoton na'ura. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana maido da ƙwan da ya tafi.

Masu tsira allurar sun ce tana ƙara kwararar jini zuwa mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, tana daidaita sinadaran haihuwa, tana kuma rage damuwa. Abin da ya ɗaukaka wannan magana shi ne wani bincike da Wolfgang Paulus da abokan aikinsa suka wallafa daga Jamus a 2002. Cikin mata 160 da aka yi wa dashen ƙwai na IVF, kashi 42.5 cikin ɗari na waɗanda aka tsira wa allura sun samu ciki, sauran kuwa kashi 26.3. Sai dai rukuni na biyu ba a yi musu komai ba, ko da allurar bogi, don haka ba a iya bambance aikin allurar da tasirin kulawa da sa rai ba.

Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya sun toshe wannan kafa. A 2018 mujallar JAMA ta buga binciken Caroline Smith kan mata 848 a cibiyoyi 16 na Ostireliya da New Zealand. An yi wa rabi allurar gaske, rabi kuma ta bogi wadda ba ta huda fata. Waɗanda suka haifi jariri mai rai: kashi 18.3 da kashi 17.8, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Shekara guda kafin nan, a ƙasar Sin kanta, an gwada mata 1,000 masu lalurar PCOS. Ƙwayar clomiphene ta ƙara yawan haihuwa, allurar ba ta ƙara ba.

Game da raguwar ƙwai kai tsaye, yawancin binciken ƙanana ne, kuma sun fi bayar da rahoton sauyin alƙaluman FSH ko AMH. Waɗannan alƙaluma kan motsa da kansu daga wata zuwa wata, kuma gyaruwar lamba a takardar gwaji ba goyo ba ce. Ƙarancin AMH ma ba hukuncin rashin haihuwa ba ne: wani bincike na 2017 a Amurka kan mata 750 masu shekara 30 zuwa 44 ya gano cewa masu ƙarancinsa sun samu ciki ba tare da magani ba kusan daidai da sauran. Gwajin ya fi amfani wajen hasashen yawan ƙwan da za a samu a IVF.

A hannun ƙwararre mai amfani da sababbin allurai, haɗarin akufanca kaɗan ne: ɗan zafi, ɗigon jini ko kumburi. Allurar da aka maimaita kan yaɗa ciwon hanta nau'in B, wadda aka zurfafa a ƙirji kuma kan iya huda huhu. Wasu matan kan ji natsuwa bayan zaman, musamman a kwanakin zullumin IVF. Asarar da ta fi girma ita ce ta lokaci, domin akan buƙaci zama na watanni. Ƙa'idar likitocin haihuwa ita ce a fara bincike bayan shekara guda ana neman ciki, bayan wata 6 idan mace ta kai 35, ba tare da jira ba idan ta haura 40, kuma a haɗa da gwajin maniyyin miji tun daga farko.