Haƙurin Helen da Iyakarsa

Duk sanda na ji ana ce wa matar da ta zo gida da hawaye ta koma ta yi haƙuri, wai aure ibada ne, sai wani tsohon littafi ya faɗo mini a rai. An buga shi a Landan a watan Yunin 1848, sunansa The Tenant of Wildfell Hall. Sunan da ke bangonsa Acton Bell ne, amma wadda ta rubuta shi 'yar limamin coci ce daga ƙauyen Haworth a arewacin Ingila, Anne Bronte, ƙanwar Charlotte da Emily. Shekarunta 28 a lokacin.

Labarin wata mace ce mai riƙo da addinin Kirista, Helen, wadda ta auri Arthur Huntingdon duk da gargaɗin gwaggonta, tana ganin za ta iya shiryar da shi. Ashe mashayi ne kuma mazinaci, har a cikin gidansa yake cin amanarta. Ta jure duk wannan, sai da ta ga ya fara koya wa ƙaramin ɗansu shan giya da ashar. Da ya gano tana shirin gudu, ya ƙwace kuɗinta da kayan adonta, ya ƙone kayan zanen da take fatan ci da kanta da su. Duk da haka ta sulale da yaron, ta sauya suna, ta zauna a wani tsohon gida tana sayar da zane.

Sai mun san dokar Ingila ta wancan zamani za mu gane girman abin da ta yi. Matar aure ba ta da dukiyar kanta, ko abin da ta samu da guminta na miji ne. 'Ya'ya ma na uba ne. Sakin da zai ba mutum damar sake aure kuwa, sai majalisar dokoki ta yi doka ta musamman, kuma kafin 1857 mata huɗu kacal suka taɓa samunsa. A idon shari'a ke nan, Helen ta sace ɗan mijinta ne, kuɗin zanenta ma nasa ne.

Anne ba daga sama ta tsinci labarin ba. A 1840 matar wani mataimakin limami ta zo wurin mahaifinsu, Patrick Bronte, ta kai kukan shaye-shayen mijinta da muguntarsa, shi kuma ya ba ta shawarar ta bar shi. A cikin gidansu ma, Anne ta ga yadda giya da kayan maye suka cinye yayanta Branwell, wanda ya rasu a watan Satumban 1848.

Abin da ya fi kama ni shi ne, Helen ba ta bar gidan don imaninta ya yi rauni ba, imanin ne ya fitar da ita. Ta ɗauki ran ɗanta a matsayin amanar da Allah zai tambaye ta. Limamin ƙauyen da ta fake a cikinsa, ko bayan gaskiya ta bayyana, ya dage cewa ta yi laifi da ta bar mijinta. Marubuciyar ta jera fahimta biyu na addini ɗaya, ta bar mai karatu ya auna.

Tausayin Helen ma da wayonsa. Da ta ji Arthur ya faɗo daga kan doki yana kwance rai a hannun Allah, ta koma ta yi jinyarsa har ya cika. Amma kafin ta bari ya ga yaron, sai da ta sa ya rattaba hannu gaban mai shaida cewa tana da ikon tafiya da ɗanta duk sanda ta ga dama. Ta yafe, ta yi masa fatan rahama, amma ba ta sake miƙa wuyanta ba.

Masu sharhi da dama sun ce littafin ya yi tsiraici da yawa. Anne ta mayar musu da martani a gabatarwar bugu na biyu cewa gara a nuna wa matasa ramin da ke kan hanya da a rufe shi da furanni. Tarin fuka ya kashe ta a watan Mayun 1849, kuma Charlotte da kanta ta ƙi yarda a sake buga littafin a 1850, tana ganin zaɓen jigon kuskure ne.

Doka ta biyo baya a hankali. A 1870 matar aure ta sami ikon mallakar abin da ta samu da aikinta. A 1878, bayan fafutukar Frances Power Cobbe, aka ba majistare ikon raba mace da mijin da aka kama da laifin yi mata mummunan duka, tare da tilasta masa ciyar da ita.

Mu ma muna cewa mahaƙurci mawadaci, kuma gaskiya ne. Sai dai kafin mu ce wa 'yarmu ko ƙanwarmu ta koma, ya kamata mu zauna mu ji abin da ta baro a can, kamar yadda wancan limami na Haworth ya zauna ya saurara a 1840.