Bakolori da Aikin Manaja: Darasin da Ruwa Ya Bar Mana

 

Yau maganar manajan aiki za mu yi, wato mutumin da ake damƙa wa aiki tun daga takarda har ranar miƙa mabuɗi. Matasanmu da yawa suna neman wannan kujerar a ƙungiyoyin agaji da kamfanonin gine-gine. To ni dai na ga gara mu koyi aikin daga tarihin gidanmu, tunda muna da manyan misalai guda biyu a nan Zamfara.

Na farko shi ne layin dogo. A 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau, kuma nan layin ya tsaya. Turawan mulkin mallaka sun san abin da suke so sarai: gyaɗa, auduga da fatu su gangara bakin teku. Ta fuskar manufa ba su da ruɗani. Amma ginin layukan dogo na Arewa ya ci gumin talakawan da aka riƙa ɗebowa ta hannun sarakuna. Kenan aiki yana iya kaiwa inda aka nufa, alhali an taka mutane a hanya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu, wanda nake so mu zauna a kai, shi ne madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. A 1969 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a kan wannan kwari. Shawararta ita ce a yi ƙaramar madatsa, a bi a hankali, kada a rikita yadda manoma suka saba amfani da ƙasarsu. Sai kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatin soja ta zaɓi babban aiki. Aka ba kamfanin Impresit, mai alaƙa da Fiat na Italiya. Aka fara a 1974, aka kammala madatsar a 1978. Burin shi ne a shayar da kimanin hekta 23,000.

To a nan darasin farko yake. Aikin manaja na farko shi ne ya tsare iyakar aiki: me za a yi, ina za a tsaya, don wa ake yi? In mai kuɗi ya ce a ninka aikin, haƙƙin manaja ne ya zauna da shi ya ce, ranka ya daɗe, ga abin da zai ƙaru na kuɗi, ga na lokaci, ga kuma haɗarin. Manajan da ba ya iya faɗa wa na sama gaskiya, wallahi ɗan aike ne kawai.

Mu ci gaba. Ruwan tafkin ya mamaye ƙauyuka da gonaki, dubban mutane suka tashi. A filin da za a yi noman ranin kuwa, an sa manyan motoci suna baje ƙasa, an tumɓuke itatuwa, an hana mutane shuka na tsawon damuna fiye da ɗaya. Ka yi tunanin magidanci da rumbunsa babu komai, an ce masa ya jira diyya. Diyyar ta yi jinkiri, wasu ma ba su gan ta ba. Manoma suka fara tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka tura ƴan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce ashirin da wani abu ne suka mutu. Mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙansu.

Darasi na biyu kenan, kuma shi ya fi nauyi. Mutanen da aiki ya shafa suna cikin aikin, kamar yadda siminti da rodi suke ciki. Kafin katafila ta taka gona, ya kamata a ce an ƙidaya masu gonar, an auna, an yi yarjejeniya, an biya. Jadawalin aiki ma dole ya san damina. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manajan da bai iya zama a ƙofar mai gari ya saurari ƙorafi ba, ilimin takardarsa bai cika ba.

Akwai kuma waɗanda lissafin ya manta da su gaba ɗaya, wato mutanen da ke ƙasan madatsar. Su ambaliyar kowace shekara ce ke jiƙa musu fadama su yi shinkafa, su kama kifi. Da aka tare ruwan, ambaliyar ta ragu, da yawa suka koma gero da dawa, kamun kifi ya ja baya. Wannan shi ake kira hangen haɗari: ka tambayi kanka, in na taɓa nan, ina ne zai motsa?

Sai na ƙarshe, ranar da kamfani ya kwashe kayansa. Babban ɓangaren Bakolori an tsara shi ne da injinan feshin ruwa masu buƙatar wuta da kayan gyara. Da suka lalace, filin da ake nomawa ya koma ƙasa da rabin abin da aka yi buri. Sai da aka zo da shirin gyara da rancen Bankin Duniya bayan shekaru da dama. Manaja nagari tun ranar farko yake tambaya: wa zai riƙe wannan abin bayan mun tafi, kuma da wane kuɗi?

Ƴan'uwa, ba sai an ba ka madatsa za ka yi amfani da wannan ba. Rijiyar burtsatse a unguwarku, gyaran aji biyu a firamare, rabon taki ga manoma, duk aiki ne mai farko da ƙarshe. Ka rubuta abin da za a yi. Ka raba shi mataki-mataki, kowane mataki da ranarsa da mai ɗaukar alhakinsa. Kowace naira ta fita da rasit. Ka riƙa sanar da masu kuɗi da masu gari halin da ake ciki, ko da labarin ba mai daɗi ba ne. Kuma kafin a kafa harsashi, ka nemi wanda aikin zai iya cutarwa, ka ji ta bakinsa.

Rijiyoyi nawa ne suka mutu a garinku bayan an yanke ƙyalle an ɗauki hoto? Ku bincika dalili, ku gaya mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.