Yadda Kompaila Ke Zaɓe Tsakanin Tamfilet Masu Suna Ɗaya A Harshen C++

Kompaila manhaja ce da ke juya rubutun mai tsara manhaja zuwa umarnin da kwamfuta ke iya aiwatarwa. Fitattu a cikinsu su ne GCC da Clang da MSVC ta kamfanin Microsoft. A harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ɗan ƙasar Denmak ya soma ƙirƙira a 1979 a cibiyar Bell Labs ta Amurka, an yarda ayyuka da dama su amsa suna guda. Aiki a nan shi ne dunƙulen umarni da ake kira da sunansa, a miƙa masa bayanai, ya sarrafa su. Idan aka kira sunan da takwarori suka yi tarayya a kai, wajibi ne kompaila ta tsayar da ɗaya tun kafin manhajar ta fara gudana.

Mene ne tamfilet?

Tamfilet mazubi ne na aiki. Maimakon a rubuta aikin da ke fitar da mafi girma cikin lambobi biyu sau ɗaya domin cikakkun lambobi, a sake rubuta shi domin masu ɗigo, sai a rubuta shi sau ɗaya a bar gurbin nau'in bayani, wanda aka saba yi wa alama da T. Kompaila ce ke cike gurbin. Shi ma tamfilet yana iya samun takwarori, wasu tamfilet irinsa, wasu ayyuka na gama-gari.

Matakan tantancewa

Ƙa'idojin suna cikin kundin da hukumar ISO ta fara fitarwa a 1998. Da farko kompaila na tattara duk masu amsa sunan, su zama 'yan takara. Daga nan sai ta gano abin da T zai zama a kowane tamfilet, bisa bayanan da aka miƙa. Idan aka rubuta max(3, 4.5), lamba ta farko na cewa T cikakkiyar lamba ce, ta biyu na cewa mai ɗigo ce, tunda gurbin ɗaya ne, tamfilet ɗin ya faɗi.

Mataki na uku shi ne saka nau'in da aka gano cikin bayanin kan aikin. Idan sakamakon ya zama marar ma'ana, ba a dakatar da komai ba, ana cire ɗan takarar ne shiru a ci gaba. Wannan ƙa'ida ita ake taƙaitawa da SFINAE. Amma iyakarta kan aikin: kuskuren da ya ɓulla a cikin jikinsa bayan an zaɓe shi yana tsayar da fassarar gaba ɗaya.

A ƙarshe ana auna waɗanda suka tsira. Wanda ya dace da bayanan ba tare da sauyi ba shi ne kan gaba, sai mai buƙatar ɗaga daraja kaɗan, kamar daga float zuwa double, sannan mai buƙatar cikakken sauyi.

Idan an yi kunnen doki

Aiki na gama-gari yana rinjayar tamfilet. Tsakanin tamfilet biyu kuwa, wanda ya fi keɓanta ne ke nasara. Misali, f(T) na karɓar kowane abu, f(T*) kuma manuni kaɗai yake karɓa, wato adireshin wani wuri a ma'ajiyar kwamfuta. Duk abin da na biyu ya karɓa na farko zai karɓa, amma ba akasin haka ba, don haka in an miƙa manuni na biyu ake ɗauka. Kundin C++20 ya ƙara ma'auni: tamfilet mai sharuɗɗa mafi tsauri ya fi marar su. In duk wannan bai raba gardama ba, kompaila na ƙin fassarar, ta ce kiran na da harshen damo.

Inda haɗarin yake

Ƙin fassara sauƙi ne, domin mai rubutu zai gani ya gyara. Matsalar ita ce zaɓin da ya bi doka amma ya saɓa wa niyya. Wanda ya tanadi aiki na gama-gari domin double, ya kira shi da 3, zai tarar tamfilet ne ya amsa, saboda shi ya dace ba sauyi, fifikon na gama-gari kuwa sai an yi canjaras. Haka nan sigar musamman da aka rubuta wa tamfilet domin wani nau'i ba ta shiga takara. Sai uwarta ta ci ake duba ta. Shi ya sa masana irin su Herb Sutter suka ba da shawarar a rubuta sabon takwara maimakon sigar musamman.

Manyan sassan Chrome da Firefox da C++ aka rubuta su. A manhajoji masu girma haka, ƙara takwara guda a wani fayil na iya sauya aikin da ake kira a wani fayil da ya jawo shi, ba tare da gargaɗi ba. Sanin jerin matakan nan ne ke ba mai rubutu damar hango hukuncin kompaila kafin ta yanke shi.