Doki da Naɗin Fata a Kalmomin Mulki na Ingilishi

Wasu daga cikin kalmomin da Ingilishi yake amfani da su wajen maganar shugabanci sun samo asali ne daga bargar dawaki da ɗakin ma'aji, wato wuraren da mutum yake juya abu da hannunsa. Kalmar "manage", wadda daga zuriyarta Hausa ta aro "manaja", ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 daga "maneggiare" ta Italiyanci, mai tushe a "manus", wato hannu a harshen Latin, kuma horar da doki take nufi tun farko: mahayi ya ja linzami, ya sassauta, ya matsa da cinya, har dokin ya san tsayawa da juyawa ba tare da an kai ga bulala ba. Daga baya ta cuɗanya da "ménage" ta Faransanci, mai nufin gida da hidimarsa, sai ta ƙara ɗaukar ma'anar tattali da lallaɓa ɗan abin da ke hannu.

Doki bai tsaya nan ba, domin "marshal", wadda ta zama muƙamin ƙoli a soja, asalinta sunan bawan da ke kula da dawaki ne, haka kuma "constable" ta fito daga "comes stabuli", shugaban bargar sarki, ta hau ta zama babbar sarauta, sannan ta gangaro ta zauna a kan ƙaramin ɗan sanda. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da yake shi ma yana cewa wane ya riƙe ragamar mulki, alhali ragama igiyar kan doki ce, kuma yana da sarautun Madawaki da Shamaki. Ita kuwa "wield" baya ta ci, domin a tsohon Ingilishi, kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, "wealdan" mulkin ƙasa take nufi, amma yau an fi jinta a kan riƙe takobi ko wani makami.

Tarihin "control" ya fi sauran cancantar a tsaya a kansa. A da, a baitulmalin sarakunan Ingila ana rubuta kuɗin shiga a kan fatar tunkiya a naɗe ta kamar tabarma, kuma mafi tsufan irin wannan naɗi da ya rage na 1130 ne. Wani magatakarda dabam yakan yi kwafi na biyu, wanda ake kira "contrarotulus" da Latin, wato naɗin da ake gwada na farko da shi, ta yadda idan an warware su gefe da gefe duk wani ragi ko ƙari zai fito fili. Daga wannan suna ne "control" ta fito, ashe ke nan kalmar ta fara ne da nufin bincikar mai riƙe da dukiyar sarauta, kuma abin takaici ne yadda wannan ma'ana ta dusashe har kalmar ta koma nufin iko a kan na ƙasa. Tsohuwar ma'anar ta fi saura a "comptroller", wadda marubutan ƙarni na 15 suka sauya wa rubutu bisa zaton cewa daga "compte" ta Faransanci, wato lissafi, ta fito, kuma ita ce Hausa ta mayar "kwanturola", sunan da ake kiran shugaban kwastan da shi a Najeriya.